Yadda Kaskon Delu Ya Koma Bakin Rijiya

Tasalla mai kitso ce ta fara ba ni labarin nan, ranar da ta zo gidana ta danne kaina tsakanin gwiwoyinta tana ja mini gashi kamar mai cirar ciyawa. Ita 'yar Ɗinyar Bawa ce, kuma ta ce katanga ɗaya ta raba gidansu da na Nomau. In akwai ƙari a ciki ku je ku tambaye ta, tana nan da ranta.

A Ɗinyar Bawa akwai wani gida mai mutum uku da akuya ɗaya. Akwai Iya Kande, tsohuwa mai ƙaramin jiki da babbar murya. Akwai autanta Nomau, sai matarsa Delu, wadda Allah ya ba ta hannun suya ya rage mata haƙuri. Akuyar ba ta da suna, amma ta fi kowa sanin halin maigidan.

Nomau ba mugu ba ne, ba kuma malalaci ba. Abu ɗaya ne da shi: yadda magana ta fito daga bakinka haka yake ɗaukarta, ba ya ƙara mata ko ƙwayar gero, ba ya ragewa. Iya ta taɓa ce masa ya ɗaure akuya a inuwa. Ya wuni yana tuge turke yana sake kafawa, inuwa na matsawa yana bin ta, har magariba ta same su a bayan masallaci, shi da akuyar ba wanda ya sa komai a baki.

Wuri ɗaya ne ba a yi masa dariya, shi ne cikin rijiya. Ubansa marigayi Jatau shi ne mai yasar tsohuwar rijiyar gari, wadda ke can bakin fadama, nesa da gidaje. Da zai rasu ya bar wa Nomau igiya mai kauri, da dagi, da magana ɗaya: "In ka sauka, kada ka hau sai ka taɓa dutse." Wasu masu yasa in suka ji sanyi da duhu, sai su kwashe taɓo kaɗan su girgiza igiya a jawo su. Nomau kuwa an ce dutse, to sai dutse. Shi ya sa in ya yashe rijiya ruwa ke kaiwa har damina. Ranar yasa ko masu tsokanarsa sukan ce masa, "Sannu da aiki, Sarkin Rijiya." Sauran kwanakin shekara ga-ruwa yake yi, daga fadama zuwa gari, daga gari zuwa fadama, jikinsa kamar karan dawa.

Sai titi ya zo. Ya bi ta ƙofar gidansu, motoci suka fara tsayawa a nan. Delu ta kafa kaskon ƙosai a bakin zaure. Mai waina ta zauna a damansu, mai shayi a hagu, Audi mai tsire ya tsallaka titi ya fuskance su. Aka kuma haƙa famfon tuƙa-tuƙa a gefen titin, kowa ya manta hanyar fadama. Ga-ruwa ya mutu. Nomau ya samu benci ya zauna. Delu ta ce masa, "Malam, duk kaskon da na sauke ka ɗanɗana mini gishiri." Delu kuwa tana sauke kasko tun asuba har hantsi, kuma bai taɓa tsallake ko ɗaya ba. Iya kuma tun yana yaro ta hore shi kada ya mayar da hannun maƙwabci. To maƙwabta ga su nan zagaye da shi, kowa da abin miƙawa. Shekara uku ba a yashe rijiya ba, shekara uku Nomau na kan benci, har bencin ya lanƙwashe.

Wata rana, da kaka ta wuce, famfo ya fara tari yana fitar da iska. Mai unguwa Barau ya ce a je a duba tsohuwar rijiya tun kafin a shiga uku. Aka tara majiya ƙarfi, Nomau ya ɗaura igiyar ubansa a ƙugu, ya yi bisimilla, ya zura ƙafafu. Ƙafafu suka shige. Cinyoyi suka shige da ɗan lallashi. Da aka zo ciki, sai ya tsaya cak, ya toshe bakin rijiya kamar marfin tulu.

"Sauka mana!" in ji Mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, ƙasana ya sauka. Samana ne bai samu hanya ba."

Aka ja, bai fito ba. Aka danna, bai shiga ba. Sai da mata suka dama karkashi ƙwarya biyu aka zuba masa ta gefe da gefe, sannan ya fito fit, mutum biyar suka zube da baya. Kowa na dariya har da riƙe ciki, shi kaɗai ne ba ya yi. Mai unguwa ya share hawayen dariya ya ce, "Nomau, ba wasa. In bazara ta kama jikinka bai shiga ramin nan ba, zan aika Makwalla a kira masu yasa, kuma igiyar nan su za a ba. Gari ba zai mutu da ƙishirwa saboda tumbinka ba." Nomau ya naɗe igiyar ubansa ya rungume ta.

Wata rana, ran Laraba da kasuwar garin ke ci, wata malamar asibiti ta sauka da sikeli a jaka. Sunanta Malama Lantana. An turo ta ne ta riƙa zagaya ƙauyuka tana auna mutane, tana tambayarsu ina suke zuwa da ƙafa, kuma wane abinci ne kusa da ƙofarsu, don a gane abin da ke sa wani ya yi nauyi wani ya tsaya yadda yake. Ta shimfiɗa sikelinta a rumfar Mai unguwa. Nomau na dawowa daga sayo wa Iya kabewa, yana tafe suna hira da Baba Cindo mai tufkar igiya, sai aka ce ya zo a auna shi. Garin shiga rumfa ya yi tuntuɓe da dutse, kabewa ta gangara. Ya ɗauko ta, Malama ta ce ya ajiye ya hau. Allurar sikeli ta yi gudu, ta yi rawa, ta kwanta can ƙarshe.

"Ikon Allah," in ji Malama.

Da aka ba ta labarin rijiya ba ta yi dariya ba, nan take Nomau ya ji ta shiga ransa. Ta sa aka kai ta fadama, ta zagaya bakin rijiya da zare mai kauri, ta yanke daidai. Ta zagaya masa zaren a ciki, bakinsa biyu suka tsaya nesa da juna, tsakaninsu taƙi guda na hannun babban mutum.

"Ranar da bakin nan biyu suka haɗu a kan cibiyarka, rijiya za ta karɓe ka. Duk Laraba ka zo in auna ka. Amma ka zo yadda ka zo yau sak, don awo ya yi daidai."

Nufinta kada ya jibgo manyan riguna, kada kuma ya cika ciki kafin ya zo. Laraba na zagayowa sai ga Nomau da kabewar nan a ka, ta fara laushi tana zubar masa da ruwa a wuya, yana jan Baba Cindo da hannu. Tsohon ko hula bai samu ya sa ba.

"Sake ni, ɗan banza! Daga kan tabarmata ya ɗauko ni!"

"Baba, ka yi haƙuri, tare muka zo rannan."

Da suka iso bakin rumfa ya duba ƙasa, ya ga an kawar da dutsen. Ya nemo shi ya mayar wurinsa, ya ja da baya, ya taho ya yi tuntuɓe, kabewa ta faɗi ta fashe a ƙafar Mai unguwa. Malama ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Da ta samu numfashi ta ce daga yau ya zo shi kaɗai, da 'yar shara da wando, ba kabewa, ba Baba Cindo, ba tuntuɓe. Allura kuwa inda ta kwanta rannan nan ta sake kwanciya.

Wata rana Malama ta ce masa, "Zama ne ya yi maka yawa. Kullum da safe ka tashi ka yi ta tafiya har sai ka yi gumi." Gari na wayewa ya sa takalmi, ya yi wa Iya sallama kamar mai zuwa fatauci. Hanyar fita kuwa ta gaban murhun Delu take. Yana giftawa wuta ta buso shi, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ya taɓa, ya duba yatsa, ya juya ya koma benci.

"Har ka dawo?" in ji Delu.

"Na yi gumin."

Da Laraba ta zo Malama ta gyara magana. "Ka yi nisa, Nomau. Ka yi ta tafiya har sai ka waiwaya ba ka ga gidanku ba." Ya tsallaka titi, ya waiwaya, ga gida. Ya ƙara gaba kaɗan, ya sha kwanar rumfar Audi mai tsire, ya waiwaya, rumfa ta tare gida. Sai ya tsaya. Audi ya ga maƙwabci tsaye a kansa yana haki, ya ji kunya, ya yanko masa kitse mai zafi da yaji. Hannun maƙwabci kuwa ba a mayar da shi.

Wata rana Malama ta ce, yanzu kam ba sauran kwana-kwana, ya taka da ƙafarsa har Makwalla. Ya taka, kuma Allah ya sani ya sha wuya, ƙafafunsa suka yi ruwa, cinyoyinsa suka goge juna har suka yi ja. A Makwalla kuwa akwai ƙanwar ubansa, Gwaggo Laure. Tana ganinsa ta dafa ƙirji.

"Wayyo ɗan yayana! Da ƙafa? Wa ya mutu?"

"Ba kowa, Gwaggo. Cewa aka yi in zo."

Ta yanka masa zakara, ta tuƙa tuwo, ta dama fura da nono. Da la'asar ta ɗora shi a amalanken shanu, ta tura masa ƙwaryar dambu a cinya. Da Malama ta tambaye shi me ya sa bai dawo da ƙafa ba, ya ce, "Zuwa kika ce, Malama. Ba ki yi maganar dawowa ba." Ranar allurar sikeli har ta ɗan ƙara matsawa gaba.

Wata rana ta ce to a koma kan ci. "Duk abin da aka ajiye a gabanka, rabi za ka ci, ka bar rabi." Wannan ya riƙe da kyau. Tuwon dare ya raba shi biyu da gefen hannu, ya ture rabi, yana kallonsa kamar mai rakiyar ɗan'uwa tasha. Iya ta ce Alhamdulillahi. Da safe Delu ta cika babban tire da ƙosan direbobi, ta tuna ta bar yaji a ɗaki, sai ta dire tiren a gaban bencinsa ta shiga ciki. Nomau ya dubi tire, tire na gabansa. Ya yi ajiyar zuciya, don aikin da yawa. Ya ɗauki ƙosai ɗaya ya gatsi rabi ya mayar, ya ɗauki na biyu. Kafin Delu ta fito ya bi su kaf, ba wanda ya zalunta, kowanne da shatar haƙoransa.

Delu ta saki kwanon yaji.

"Na shiga uku! Wa zai sayi wannan?"

"Ai rabinsu na nan, Delu. Ban taɓa shi ba."

Ran nan direbobi shayi da burodi suka sha, Nomau kuma a zaure ya yi barcin rana. Kwana kaɗan bayan haka aka yi suna a gidan Mai unguwa, mai rabon abinci ya yi kuskure ya fara dire tiren shinkafar dattawa a gaban Nomau kafin ya je kiran su. Wannan kam ba sai na faɗa muku ba. Har yau Baba Cindo in ya tuna sai ya yi tsaki.

Ana haka bazara ta shigo, famfo ya yi tarinsa na ƙarshe ya mutu. An ce kayan gyara sai daga birni, ba a san ranar zuwansu ba. Gari ya koma fadama. Rijiya kuwa ta cika da taɓo, ruwa sai ya tsattsafo kaɗan-kaɗan, mata su jera tuluna tun asuba su zauna jira da yunwa har rana ta take. Mai unguwa ya aika Makwalla. Aka ce masu yasa na da rijiyoyi da yawa a gabansu, amma in sun gama za su zo, sai a tanadi igiya mai tsawon ramin. A garin duka kuwa igiya ɗaya ce ke kaiwa ƙasa.

Ran Laraba Nomau bai je awo ba. Malama ta biyo shi gida, ta same shi a benci da igiyar ubansa a cinya, yana shafa ta. Idanunsa sun yi ja.

"Malama, duk abin da kika ce na yi."

"Ka yi, Nomau. Wallahi ka yi."

Ta zauna a bakin bencin, ta dubi kaskon Delu na tafasa, ta dubi tandar waina, ta dubi hayaƙin tsire. Ta juya wajen Iya Kande da ke zaure tana tsinkar zogale.

"Iya, na auna garin nan kaf. 'Yan gidajen gona, waɗanda komai sai sun taka kafin su samu, duk jikinsu ba nauyi. Na bakin titi kuwa kowa ya cika, har Mai unguwa, har Delu."

"Ni ki cire ni daga ciki," in ji Delu daga bakin murhu.

"Ba zuciyarsa ce ta gaza ba, Iya. Mutum na zaune, abinci na zuwa har bakinsa, ina zai kai shi? Da da hali, da sai in ce a ɗauke kaskon nan a kai shi can bakin rijiya, duk mai son ƙosai ya taka ya je." Ta yi dariyar gajiya, ta ɗauki jakarta ta tafi.

Da Delu ta gama suya, kasko ya huce, sai Nomau ya tashi ya kama kunnuwansa biyu ya ɗaga. Ya jinjina. Ya ajiye.

Wata rana, wato washegarin wannan, Delu ta fito da asuba da ƙullu a roba ta tarar ba kasko, ba duwatsun murhu, ba itace, ba ko bencin. Ta ƙwala ihu, maƙwabta suka fito. Mai shayi ya ce ai tun kiran farko yake ganin Nomau na jigila ta hanyar fadama, ya zaci ƙaura suke. Delu ta ɗora ƙullu a ka, ta ɗauki galan ɗin mai, ta bi sawu tana faɗa tun daga titi har fadama, ba ta maimaita zagi ɗaya sau biyu ba. Ta same shi a gindin ɗinyar da ke bakin rijiya, ya kafa murhu, ya ɗora kasko, ya jiƙe sharkaf, yana murmushi.

"Malam, haukan naka ya kai nan?"

"Malama ta ce da da hali. Na gwada jiya, akwai hali. Bai kai jarka biyu nauyi ba."

"Ɗauko mini kayana mu koma!"

"Ba ta ce a mayar ba."

Delu ta ɗaga ludayi. Sai wata mata daga layin tuluna ta ce, "Delu, don Allah kafin ki kashe shi, soya mana. Tun asuba muke nan ko koko ba mu sha ba." Delu ta dubi ƙullunta, ta ga in ta tsaya komawa gari zai yi tsami. Ta hura wuta tana ƙunƙuni. Kaskon farko bai kai tire ba aka wawashe. Na biyu ma haka. Kafin hantsi roba ta koma wayam, abin da a bakin titi sai ta kai azahar tana jiran mota. Da ta juya za ta ce a ɗanɗana mata gishiri, ba abin da ya rage sai 'yan ɓarɓashi. Ta zuba masa a tafin hannu. Ya raba biyu, ya ci rabi.

Da yamma ta ce ita ba za ta bar kaskonta ya kwana a daji ba. Ya kwaso kaya ya kai gida. Da asuba ya tuna Malama ta ce bakin rijiya, ya sake kwasowa. Haka suka shirya, kowa an bi maganarsa: kasko ya kwana gida, ya wuni fadama, kuma a kan Nomau yake zuwa yake dawowa. Mai waina ta ga ciniki ya koma can, ta ce, "Nomau, in za ka tafi ka haɗa da tandata." Ya haɗa. Mai shayi ya ce a haɗa da teburinsa. Matan da suka ga zai koma gari hannu sake suka ce ya taya su da tulu. Ba wanda ya ce wa a'a. Bencin nan da ya lanƙwashe yana gindin ɗinya, amma wasu ke zama a kai, mai shi ba ya samun sukuni. Mai unguwa kansa, da ba ya iya karyawa sai da ƙosai mai zafi, ya aika sau biyu aka kawo masa ƙosan ya huce, ran na uku ya ɗauki sanda ya taka da kansa yana mita.

Laraba bayan Laraba allurar sikeli ta fara ja da baya. Malama ta ɗauko sikelin nata ma ta dawo da shi gindin ɗinya, don a nan mutane suke. Zaren nan da ke da taƙi guda ya koma yatsa huɗu, ya koma biyu. Nomau bai ma lura ba, sai da wandonsa ya zame a tsakiyar hanya yana ɗauke da tebur a ka, ya rasa hannun kamawa.

Wata rana, hadari ya fara leƙowa ta gabas amma ruwa bai sauka ba, rijiya ta koma ba ta ba da ko rabin guga, sai ga masu yasa daga Makwalla su uku. Mai unguwa ya zo da su har gindin ɗinya. Bai iya kallon Nomau ba.

"To, Nomau. Wa'adi ya cika. Miƙo igiyar."

Nomau ya sauke ta daga kafaɗa. An ce ya miƙa, zai miƙa. Sai muryar Iya Kande ta tsaga taron, ta biyo su da sandarta tun daga gari.

"Auta! Kafin ka miƙa, ina zaren Malama?"

Ya ciro shi daga aljihu. Malama Lantana ta karɓa ta zagaya masa, mata suka matso, har mai shayi ya bar butarsa. Bakin zare biyu suka taho, suka taho, suka sumbaci juna a kan cibiya, ba tare da ya riƙe numfashi ba.

"Ranka ya daɗe," in ji Iya, "ka ce in bai shiga ba. Ka bari ramin ya faɗa da bakinsa."

Mai unguwa ya matsa gefe. Nomau ya ɗaura igiya, ya karɓi dagi, ya yi bisimilla. Ƙafafu suka shige. Cinyoyi suka shige. Ciki ya tsaya, ya goga siminti, Delu ta dafe baki, wata ta ce a kawo karkashi. Sai ya sulale. Kansa ya ɓace.

Iya ta leƙa ta ce, "Ka san abin da marigayi ya ce."

Daga can ƙasa murya ta amso, "Sai dutse, Iya."

Mutanen Makwalla suka ga sun riga sun zo, suka ci ƙosai, suka kama jan gugan taɓo tare da 'yan gari. Taɓon shekara uku ba wasa ba ne. Azahar ta yi, aka girgiza masa igiya ya hau ya huta, bai kula ba. La'asar ta gota. Can aka ji ƙarar dagi a kan dutse, ƙal, ƙal, sai igiya ta girgiza daga ƙasa. Mutum uku kacal suka jawo shi. Ya fito baƙi ƙirin da laka, ido kawai ke fari, guga na biye da shi cike da ruwa. Babban masu yasan Makwalla ya leƙa ramin, ya daɗe yana kallo, ya naɗe igiyar da hannunsa ya rataya wa Nomau a kafaɗa. Baba Cindo ne ya fara cewa, "Sannu da aiki, Sarkin Rijiya." Delu ta ware masa ƙosai shida masu zafi a kwano, ta tsaya a kansa. Ya ci uku.

Malama ta auna garin kaf kafin ta tafi, ta ce 'yan bakin titi duk sun ragu, har Mai unguwa, har wata wadda ta ce a cire ta daga ciki. Ba a jima ba aka mayar da ita wata gunduma. Bayan damina aka gyara famfo, mutane suka ce to Nomau, sai a dawo da kasko ƙofar gida. Ya ce Malama ba ta ce a mayar ba, in ta zo ta faɗa zai ɗauko. Malama kuwa ba ta sake zuwa ba. Tasalla ta ce har gobe in kana son ƙosai a Ɗinyar Bawa, sai ka taka zuwa fadama.

Da ta kai nan ta ɗaure mini kitson ƙarshe, ta daki kafaɗata ta ce in tashi. Sai da na dafa bango, na dafa ta, sannan na miƙe. Ta bi gwangwanin cincin ɗin da ke bakin gadona da kallo.

Washegari da safe na ɗauki gwangwanin na sa a mayafi, na taka har gidan Tasalla can ƙarshen unguwa, na huta sau biyu a hanya. Na ce ta ajiye mini, kullum zan zo da ƙafata in ci biyu in koma. Ta karɓa da hannu biyu, ta buɗe, ta ce bari ta ɗanɗana mini gishiri.